Kafin a miƙa wa ɗalibi na'ura, a fara da malaminsa

Duk lokacin da aka tashi maganar gyaran ilimi a Nijar, sai ka ji an kawo zancen raba wa ɗalibai kwamfutar hannu ko barin su yi karatu da salula. Magana ce mai daɗin ji. Amma ga mai koyarwa a kwalejin Bande, Waca ko Dogo-Dogo, tambaya ɗaya ce ke gabansa: idan na'urar ta shigo aji, wa ya koya masa yadda zai yi darasi da ita?

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan hanya. Ƙasar Peru ta raba wa yara kwamfutoci dubu ɗaruruwa a shirin One Laptop per Child, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatu ba. Faransa kuwa a 2018 ta hana amfani da salula a makarantun firamare da kwaleji. Rahoton UNESCO na 2023 shi ma ya ja hankali cewa na'ura tana amfani ne idan ta zama mataimakiyar malami. Idan haka abin ya kasance a inda wuta da intanet suka fi wadata, ina ga gundumomin Magarya da Dungas?

Mu dubi halin da muke ciki. Malaman kwalejojinmu da dama 'yan kwantaragi ne, wasu ba su ratsa makarantar horar da malamai irin ENS ta Yamai ba. Aji cike yake maƙil, wani ma na zana ne. Wutar NIGELEC ba ta kai kowane gari ba, kuma ba mu manta da duhun da aka sha ba lokacin da Nijeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023. Malamin da aka haɗa da na'urori a irin wannan aji ba tare da horo ba, ko dai ya kulle su a akwati don tsoron kada su lalace a hannunsa, ko ya sa ido yara na kallon TikTok har a kaɗa ƙararrawa.

Horon da nake nufi ba taron kwana uku a Damagaram ba ne, a raba kuɗin zama kowa ya kama gabansa. Malami yana buƙatar sanin yadda zai sauke darasi lokacin da ya samu intanet, ya tura wa ɗalibai ta Bluetooth ko Xender ba tare da an sayi data ba. Ya san yadda zai zaunar da yara shida kan na'ura ɗaya kowa ya taɓa, musamman 'yan mata, waɗanda sau da yawa ba su da waya a gida. Ya san lokacin da zai ce a kife na'ura a koma allo da alli. Ya kuma iya gane aikin da yaro ya kwafo daga ChatGPT, domin ranar jarrabawar BEPC daga shi sai biro da takarda.

Irin wannan sani a hankali yake shiga. A yi horon a cikin makarantar, malaman darasi ɗaya su riƙa zama tare, masu ba da shawara kan koyarwa su riƙa zagayowa suna kallon darasi. Duk ƙungiyar da ta kawo na'urori, a tambaye ta kason horo, da faranti mai hasken rana na caji, da wanda zai yi gyara.

Iyaye, ku ma da naku. A taron kwamitin kula da makaranta, ku tambaya: wace doka aka sa wa waya a aji? Yaron da ubansa ba shi da halin saya masa, yaya za a yi da shi? Kada a bari na'ura ta raba ɗan mai shi da ɗan talaka a kan benci ɗaya.

Ba na ƙin na'ura. Kwalejin da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, bidiyo na minti biyar zai iya nuna wa ɗalibanta yadda jini ke zagaya jiki. Sai dai malamin da ya san abin da yake nema ne zai zaɓo bidiyon, ya tsayar da shi, ya yi tambaya. Don haka kuɗin farko a kashe shi kan malamin.