Abin da ruwan laka ke faɗa bayan zuciya ta tsaya

Wanda ya yi jinyar sanƙarau da ya ɓulla a Zurmi ƙarshen 2016 ya san allurar baya. Likita ya zuƙo ruwan laka ya ɗaga: garau yake ko ya gurɓace? A shekarun 1980 likitocin Seattle ta Amurka da na Helsinki ta Finland sun yi wa wannan ruwa wata tambayar dabam. Ga mutum zuciyarsa ta tsaya, an tayar da ita, amma yana cikin dogon suma. Zai farfaɗo?

Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska. Cikin minti 4 zuwa 6 ƙwayoyinta sun fara mutuwa, kuma in suka fashe sinadaran cikinsu, irin su CK-BB da NSE, sai su tsiyaya cikin ruwan. Yawansu, yawan ɓarna. Daga baya aka koma auna su a jini, don huda bayan wanda inji ke yi wa numfashi ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda likitoci suka ƙi sallama wa lamba ɗaya. Ƙa'idar likitocin Turai ta 2021 ta ce a jira aƙalla awa 72, kuma sai alamu biyu sun haɗu, misali sinadarin jini da hoton ƙwaƙwalwa, kafin a ce an fid da rai. Dalilin a fili yake: likitan da ya yanke ƙauna da wuri zai sassauta kulawa, majinyaci ya rasu, a ce hasashensa ya yi daidai.

Gwajin NSE ba shi ne za mu nema a Shinkafi gobe ba. Amma ɓarnar da yake aunawa tun a wurin faɗuwa ake yin ta, ko a rage ta da danna ƙirji. Danmak ta sa koyon danna ƙirji a makarantu da wajen karɓar lasisin tuƙi. Daga 2001 zuwa 2010 waɗanda na kusa suka danna wa ƙirji sun tashi daga kashi 21 zuwa 45, masu tsira kuma daga 3.5 zuwa 10.8.

Mu in mutum ya yanke jiki ya faɗi, ruwa muke yayyafa masa, a yi fifita, a yi ta kiran sunansa. Niyyar tana da kyau, jini ne dai ba ya kaiwa ka. Direbobin tashar Ƙauran Namoda da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta garin za su iya koyon aikin da yamma ɗaya: in mutum ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, tafin hannu a tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya ruga neman mota.