Tsadar Man Girki: Daga Iri Matsalar Take Farawa

Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin bakin iyaka, daga Ɗan Isa da Jibiya zuwa Birnin Ƙonni da Illela, har Maigatari da Mai'aduwa, ya san jarkar man girki ba ta kwantai. Sai dai galibin man jarka da ake shigo mana da shi, wanda muke ce wa man gyaɗa, babu ƙwayar gyaɗa ko ɗaya a cikinsa. Man kwakwar manja ne da aka tace, wanda yawancinsa ke fitowa daga Malesiya da Indonisiya, ya keto teku ya sauka tashoshin jiragen ruwa, sannan manyan motoci su kawo mana. Sunan gyaɗa kawai ya rage. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi ƙasar da ta ciyar da masana'antun Turai da gyaɗa ta koma jiran man jirgi?

Idan ba a manta ba, a watan Fabrairun 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren. Ƙasashen nan biyu su ne ke fitar da kimanin kashi uku cikin huɗu na man furen bin-rana da ake sayarwa a kasuwannin duniya, wato man da muke gani an rubuta wa turnasol a jikin kwalba. Da jiragen ruwa suka kasa tashi daga Bahar Aswad, masu sayen wannan mai suka afka wa man kwakwa da na waken suya, farashi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba a watan Maris. Ana cikin haka Indonisiya ta hana fitar da man kwakwarta daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. Mu da ba ma noman furen bin-rana, ba ma kuma cin mansa sai jefi-jefi, mun biya kuɗin wannan yaƙi a bakin jarka. Shekara guda bayan haka, a 2023, aka rufe gadar Gaya da Malanbil, kaya suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya hau kan farashi.

Yadda Rasha ta mallaki kasuwar

Asalin furen bin-rana daga Amurka ta Arewa yake. Abin da ya mai da shi dukiyar Rasha da Yukiren aikin gyaran iri ne na shekaru da dama. Wani masani mai suna Basili Pustoboit ya fara aiki a kansa a yankin Kirasnoda tun 1912, ya ci gaba har rasuwarsa a 1972. Kowace shekara yana zaɓen tsiron da ƙwayarsa ta fi mai, yana gwadawa, yana zubar da saura. A lokacin da ya fara, man da ke cikin ƙwaya bai wuce kimanin kashi 30 cikin 100 ba. Kafin ya bar duniya irinsa ya kai wajen kashi 50. Ma'ana, gona ɗaya, wahala ɗaya, amma man ya ƙaru da fiye da rabi.

A 1969 kuma wani Bafaranshe mai suna Lakilak ya gano hanyar da ta sauƙaƙa haɗa iri mai aure na wannan fure, kwatankwacin masara mai aure da manomanmu suka sani. Iri mai aure yana ba da amfani mai yawa a shukar farko, amma in manomi ya ajiye daga abin da ya girbe ya sake shukawa, albarkar takan ragu. Dole ya koma kanti kowace shekara. A nan ne manyan kamfanoni suka ga riba, suka zuba kuɗi. Kilo biyar ko abin da ya yi kusa da haka ya isa hekta guda, ga shi da sauƙin ɗauka, ga mai saye ba ya yankewa.

Mu kuma ina muka tsaya?

Dattawanmu sun ga zamanin dalar gyaɗa a Kano. A Nijar, gyaɗa, wadda da yawanmu ke ce wa gujiya, ita ce ke kawo fiye da rabin kuɗin kayan da ƙasa ke fitarwa waje a shekarun 1960, kafin yuraniyom ya karɓe wurin. An kafa SONARA a 1962 don sayenta, akwai kuma masana'antun matse mai a Maraɗi, Matamai da Magarya. Sai fari ya zo a 1973, cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta biyo baya a 1975 ta cinye kimanin hekta dubu 700 a arewacin Najeriya kaɗai, ba ta kuma bar wannan ɓangare na iyaka ba. Manoma da yawa suka rasa har irin da za su shuka, suka koma wake da gero.

Har yanzu irin da ya fi yawa a gonakinmu da dama shi ne ƴar Dakar, wato 55-437, wadda aka samar a Bambe ta ƙasar Senegal tun kafin samun ƴancin kai. Tana nuna cikin kwana 90, tana jure ƙarancin ruwa, shi ya sa manomi bai rabu da ita ba. Amma ba ta da kariya daga kuturta. Masu bincike ba su yi barci ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, tare da ICRISAT, ta fitar da SAMNUT 21, 22 da 23 a 2001, sannan SAMNUT 24 a 2011, wadda ke nuna da wuri, take jure kuturta, ga mai da yawa. A nan gida muna da INRAN da tasharta ta Tarna a Maraɗi, da cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai. Iri mai kyau yana nan. Isarsa hannun manomin ƙauye ita ce ta gagara.

Dalili kuwa a fili yake. Gyaɗa da kanta take yi wa kanta barbara, don haka abin da ka shuka shi za ka girbe, kana iya ajiyewa ka sake shukawa shekara da shekaru. Wanda ya sayi iri sau ɗaya ba lalle ya dawo ba. Ga nauyi: hekta guda tana cin kilo 60 zuwa 100 na ɓararriyar gyaɗa. Ga jinkirin yaɗuwa: tiya ɗaya da ƙyar take haifar takwas ko goma, alhali tiyar gero tana haifar ɗaruruwa. Ga saurin mutuwa: in aka ɓare ta aka ajiye cikin zafin bazara, ƙarfin tsirarta yana raguwa. Kamfanin da ke neman riba ba zai yi ɗokin irin wannan haja ba.

Kamfanin iri na gaskiya

To, daga ina manomi ke samun irin gyaɗa? Daga rumbunsa, daga maƙwabci, in kuma ya sayar ko ya cinye saboda matsi, daga kasuwa idan damina ta kawo kai. Wato mu ƴan kasuwa mu ne kamfanin irin gyaɗa da riɗi na wannan yanki, ko mun sani ko ba mu sani ba. A nan laifinmu yake. Mukan sayi gyaɗa daga kasuwanni uku ko huɗu mu juye wuri ɗaya, mai kwana 90 da mai kwana 120, ta bana da ta bara. Wadda za a yi ƙuli-ƙuli da ita da wadda za a shuka buhunsu ɗaya. Manomi ya shuka, rabi ya tsiro, abin da ya tsiro kuma bai nuna lokaci guda ba. Da kaka sai mu da kanmu mu riƙa ƙorafin kaya sun yi ƙaranci, ƙwaya ba ta cika ba, mata masu tuya suna cewa ba mai. Abin da muka shuka ne.

Haka labarin yake a riɗi. Masu saye daga Sin, Japan da Turkiyya suna biyan farin riɗi tsantsa kuɗi mai kyau. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ƙasar da ke cikin manyan masu fitar da riɗi a duniya, masu saye suka ƙara waiwayar sauran ƙasashe. Amma buhun da fari ya gauraye da ja da baƙi, a Maigatari ko Dawanau za a karya masa farashi. Kilo uku zuwa biyar na tsantsar iri ya isa hekta, don haka gyaran riɗi ya fi na gyaɗa arha nesa ba kusa ba.

Wasu na cewa mu ma mu rungumi furen bin-rana. Tanzaniya ta yi, yankunan Singida da Dodoma sun shahara da shi, amma duk da haka ƙasar ta daɗe tana shigo da kaso mai yawa na man da take ci, kuma ƙarancin ingantaccen iri na cikin dalilai. A wurinmu ga jan-baki da ba ya barin kan fure, ga irin da za a riƙa saye da kuɗin waje kowace shekara. A gwada shi a fadamu da gonakin rani, babu laifi. Amma gyaɗa da riɗi su ne muka iya, suna da kasuwa, harawar gyaɗa kuma kuɗi ce ga mai kiwo.

Ina mafita?

A 2008 CEDEAO ta yi dokar da ta amince irin da aka yi wa rajista a ƙasa ɗaya ya shiga sauran. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ko da yake tsarin irin ya haɗa da UEMOA da CILSS. Ya kamata hukumomin ɓangarorin biyu su fito su bayyana wa jami'an duwan da ƴan kasuwa matsayin buhun iri a bakin iyaka, domin ƙasar Katsina da ta Maraɗi ruwansu ɗaya, cutarsu ɗaya.

Namu aikin ba ya jiran gwamnati. Mu ware buhun iri daban da na ci, mu ajiye irin gyaɗa cikin ɓawonsa har shuka ta kusa, mu san sunan abin da muke sayarwa da garin da ya fito. Kafin mu sayar mu ƙirga ƙwaya 100 mu binne cikin jiƙaƙƙen yashi. In bayan mako guda waɗanda suka tsiro ba su kai 70 ba, a kai wa masu ƙuli-ƙuli. Mai hali a cikinmu ya sayi buhu kaɗan na tsantsar iri daga cibiyoyin bincike ko ƙungiyoyin manoma masu ninka iri, ya ba amintattun manomansa da alkawarin zai saya da ƙari a kaka. Manomin da ya ga amfani baɗi shagonka zai nufo, ya kawo ɗan'uwansa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa kasuwa albarka.