Ilmin Zamani: Yadda Ake Raɗa wa Takardu Suna a Intanet

Yau za mu duba wani abu da kowa ke gani a wayarsa, amma ba kowa ke lura da shi ba, watau jerin haruffa da lambobin nan da kan zo a wutsiyar adireshin intanet. Alal misali, kowane bidiyo a YouTube yana da nasa suna mai harafi 11, wanda ba shi da takwara. Suna linzami ne, in ji Hausawa, da shi kwamfuta ke jawo abin da aka nema daga cikin miliyoyin irinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ƙirga, 1, 2, 3, kamar littafin rasit. To, amma nan gizo ke saƙa, domin wanda aka ba 500 ya san akwai 499 da 501. A shekarar 2019 aka gano cewa takardu wajen miliyan 885 na kamfanin First American na Amurka, har da masu ɗauke da lambobin asusun banki, suna nan a buɗe ga duk wanda ya sauya lamba a adireshi. Daɗin daɗawa, lamba a jere takan tona yawan kayan mutum. Da lambobin jikin tankokin da aka kama ne Ingila da Amurka suka ƙiyasta yawan tankokin da Jamus ke ƙerawa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Maganin da masana suka samo shi ne ƙuri'a. Akwai wani tsari da ake kira UUID, mai gurbi 128, kowane gurbi ko dai 0 ko 1. A nau'insa na huɗu, gurbi 122 da ƙuri'a ake cika su. Yawan sunayen da za su iya fitowa ya kai inda ko da za a riƙa fitar da biliyan ɗaya kowace daƙiƙa, sai an shafe kimanin shekara 85 kafin yiwuwar biyu su yi karo ta kai rabi. Saboda haka kwamfutar Ikko da ta Alƙahira kowacce na iya raɗa nata ba tare da ta tuntuɓi 'yar'uwarta ba.

Sharaɗi na biyu shi ne sunan ya zauna lafiya cikin adireshi. Waɗanda aka yarda su shiga kai tsaye su ne haruffan Turanci 26, manya da ƙanana, da lambobi 0 zuwa 9, da alamomi huɗu kacal. Sauran ko dai suna da wani aiki na musamman, ko kuwa sai an sauya musu kama. Harafinmu ƙ mai lanƙwasa, idan ya shiga adireshi, yakan rikiɗa ya koma %C6%99.

UUID yakan ci gurbin harafi 36 a rubuce. Mai son taƙaitawa yakan yi amfani da tsarin Base64, wanda ke mai da shi 22. Sai dai cikin alamominsa akwai + da /, alhali kuwa / aikinta raba sassan adireshi, + kuma a wasu wuraren fili ake ɗaukarta. Don haka ƙa'idar da aka fitar a 2006 ta tanadi - da _ a madadinsu. Irin waɗannan haruffa ne muke gani a sunayen YouTube.

Jan kunne biyu ga maginan manhaja. Na farko, a ɗebo ƙuri'ar daga tushen da aka yi domin tsaro, don akwai masu rauni waɗanda mai wayo kan iya gane na gaba daga na baya. Na biyu, suna mai wuyar canka bai ɗauke wa kowa aikin tantance mai ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Mu kuma sauran jama'a, mu sani sau da yawa irin wannan adireshi mabuɗi ne. Wanda ka tura wa na sakamakon asibitinka ko na rasidin bankinka, ka ba shi damar shiga. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.