Malam, a cire takalmi mu ga ƙafar

Sharhinmu na yau a kan ƙafar mai ciwon sukari yake, da kuma wanda ya kamata ya koya masa kula da ita.

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon sukari asibiti ya san yadda ranar take. A yi sammako a kama layi, a huda yatsa a auna sukari, a auna hawan jini, likita ya duba kati ya rubuta magani, ya ƙara jan kunne a kan tuwo da lemon kwalba. Sai kuma wata mai zuwa. Sau da yawa marar lafiya da takalminsa yake shiga, da shi yake fita, ba wanda ya ce ya cire. Alhali ƙafar nan ita ce take kai da yawa daga cikinsu ɗakin tiyata.

Idan sukari ya daɗe yana hawa a jini, yakan lalata jijiyoyin da ke sanar da mutum zafi da ciwo. Da farko sai ka ji yana cewa ƙafarsa na raɗaɗi da dare, ko kamar tururuwa na bin tafinsa. Daga baya raɗaɗin ya lafa, ya yi hamdala ya ce ya samu sauƙi, nan kuwa jin ne ya tafi gaba ɗaya. Hanyoyin jini kuma su tsuke, ƙafa ta daina gumi, fata ta bushe ta tsattsage. Sai ga magidanci ya wuni a kasuwa da tsakuwa cikin takalmi bai sani ba, sai da dare matarsa ta ga jini a safa.

A shekarar 2005, tarayyar ƙungiyoyin yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta keɓe bikin ranar ciwon sukari ta duniya, 14 ga Nuwamba, ga maganar ƙafa, ta ce a duk daƙiƙa 30 ana yanke wa wani ƙafa a duniya saboda wannan ciwo. Masana kuma sun ce kimanin 85 cikin 100 na irin wannan yankan daga gyambo suke farawa. Gyambon kuwa daga ɗan abin da aka raina.

A wajenmu abubuwan da ake rainawar a fili suke. Hunturu ya shigo, tsoho ya miƙa ƙafa gaban kaskon garwashi yana jin ɗumi, ya yi gyangyaɗi, gari ya waye da bororo a tafinsa. Faso ya fito a dunduniya, a ɗauki reza a kankare kaushi. Mai yankan farce ya zo majalisa, ya bi ƙafafun mutum biyar da almakashi ɗaya, yana ƙwaƙule gefen farce har ya taɓa nama. Ƙafa ta yi tsami, a ce a gasa ta da ruwan zafi da gishiri. Mata su sha lalle, ya rufe launin fatar da ya kamata a gani in ta fara sauyawa. Ko a aikin Hajji, alhaji ya fito daga masallaci bai ga silifas ɗinsa ba, ya taka daɓen da rana ta gasa har masauki, tafin ya saɓule shi bai ji ba.

Abin da ya fi damuna shi ne muna da damar da wasu ƙasashe ba su da ita. A can sai an yi ta roƙon marar lafiya ya riƙa wanke ƙafarsa kullum. Mafi yawan mutanenmu kuwa sau biyar a rana suke tsugunawa da buta, su cuɗa ƙafa, su tsettsefe tsakanin yatsu. Abin da ya rage kaɗan ne, amma sai an koya. A nuna wa mutum cewa in ya gama alwala ya tsane ƙafar da tsumma mai tsabta, musamman tsakanin yatsu, domin danshin wurin ke sa fata ta yi fari ta dare. Ya ɗaga tafin ya duba, in wuyansa ko idonsa ba su kai ba ya ajiye madubi a ƙasa, ko ya kira jikarsa ta duba masa. Ya shafa man kaɗe ko basilin a dunduniya da tafi, ban da tsakanin yatsu. Ruwan ɗumi ya gwada shi da gwiwar hannu tukuna. Takalmi ya kakkaɓe shi, ya zura hannu ya laluba kafin ya sa, kuma ko tsakar gida kada ya taka ba takalmi. Wanda aka ɗaure wa ciwo, malamai su gaya masa fiƙihu ya yarda ya shafa a kan ɗaurin, ba sai ya kwance ya jiƙa ba.

Koyarwar nan ba ta takardar da aka manna a bango da Turanci ba ce. Ma'aikacin lafiya ne zai ce, Baba, a cire takalmi, ya durƙusa ya riƙe ƙafar a hannunsa, ya nuna, sannan ya ce wa Baba ya maimaita a gabansa, ɗan rakiya yana kallo. A Tanzaniya, Dakta Zulfiqarali Abbas na birnin Darussalam da abokan aikinsa sun bi wannan hanya, suka horar da likitoci da nas-nas mataki-mataki a kan duba ƙafa da koyar da marasa lafiya, aka ga yankan ƙafa ya ragu inda aka yi horon. Ba wasu manyan injuna suka shigo da su ba.

Ko gwajin ma bai buƙatar na'ura. A asibitin Ipswich da ke Ingila aka fito da wani da kowa zai iya yi a gida. Marar lafiya ya rufe ido, wani ya ɗora kan yatsansa a hankali a kan babban yatsan ƙafa, da na tsakiya, da ƙaramin, a ƙafafu biyun, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu kowanne, ba dannawa ba sosawa. In wurare biyu cikin shidan nan bai ji ba, to ƙafar tana cikin haɗari, a sanar da asibiti.

Sai kuma maganar da ba a son yi. Ciwo ya fito a ƙafa ba zafi, sai a ce ai sammu ya taka. A fasa kafso a barbaɗa, a kawo garin magani a cusa, a ɗaure da tsumma. In an ambaci asibiti, dangi su ce a'a, can yanke ƙafa suke yi. Ba a zuwa sai yatsa ya yi baƙi, ɗaki ya ɗauki wari, zazzaɓi ya rufe mutum, a lokacin likita ba shi da zaɓi sai wuƙa. A dawo gida a ce ai mun faɗa. Tsoron nan na gaskiya ne, kuma ba faɗa ke cire shi ba. Wanda ya saba ganin nas tana duba ƙafarsa tun tana lafiya, ba zai ji tsoron kawo mata ita ranar da ta yi bororo ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin lafiya na jihohi su sanya duba ƙafa, aƙalla sau ɗaya a shekara, cikin katin kowane mai ciwon sukari, tun daga asibitin sha-ka-tafi. Kai kuma mai sauraro, in ka je ganin likita, cire takalmi da safa kafin ka zauna. In ka ga tsagewa, ko kumburi, ko ɗumi a wuri guda, ko launi ya sauya, a kai ka asibiti ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.