Zuwa Kware Ba Hauka Ba Ne

A makarantun sakandare na Wurno da Rabah da Goronyo ba a rasa ɗalibin da hankalinsa ba ya tsayawa wuri guda, ko ɗalibar da yau tana cikin fara'a, gobe ta yi jugum ba dalili. Malami ya ce taurin kai ne, iyaye su ce iskokai ne. In aka ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kuwa, sai gaban kowa ya faɗi, don gudun kada a ce yaro ya haukace, aure ya gagara.

Wannan tsoro ya fi cutar illa. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta ko ƙoda, tana aiki da sinadarai irin su dofamin, kuma tana iya samun tangarɗa. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin yara 5 cikin 100 a duniya suna fama da larurar rashin natsuwa. Likita kuma ba ya gaggawar yanke hukunci, sai ya tabbatar ba ƙarancin jini ba ne, ko rashin barci, ko cutar maƙoƙo. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare sirrin majinyaci.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda hubbarensa ke Wurno, da kansa ya wallafa littattafai kan magunguna. Neman magani gado ne a wannan ƙasa. Wajibi ne malamai su ajiye bulala, su zauna da iyaye, a kai yaro ga likita tun kafin karatunsa ya salwanta.