Kare Mai Tsintar Ƙaho

Barewa da gada da gwanki duk suna da ƙaho, kuma ƙahon da suka fito da shi, shi ne nasu har mutuwa. Amma a ƙasashen sanyi, kamar Amurka da Kanada da Jamus, akwai wani dangi na barewa wanda ƙahonsa ba haka yake ba. Nasa ƙashi ne zalla, mai rassa kamar busasshen itace, kuma galibi namiji ne ke da shi. Kowace shekara sai ya zubar da shi, ya fid da sabo.

Ga yadda abin yake. Idan sanyi ya wuce sai ƙahon ya soma tsirowa, lulluɓe da wata fata mai laushi mai jijiyoyin jini. Saurin girmansa abin mamaki ne. Na babbar barewar nan da Amurkawa ke kira elk yakan ƙaru da kusan inci 1 a yini guda, kuma ƙahonin babban namiji su biyu sukan kai laba 40, watau wajen kilo 18. In ƙahon ya ƙosa sai fatar ta bushe, namijin ya goge ta a jikin itatuwa, ya shiga karo da 'yan'uwansa maza a kan mata. Bayan lokacin barbara, sa'ad da sanyi ya yi nisa, sai gindin ƙahon ya yi rauni, wata rana ya faɗi cikin ciyawa. Ba harbi, ba yanka, dabba ta yi gaba abinta.

Wannan ƙaho da ya faɗi dukiya ne. Ana yin ƙotar wuƙa da shi, da maɓallan riga, da kayan ado na ɗaki. A jihar Wayomin ta Amurka akwai wani gari, Jakson, kusa da makiyayar da gwamnati ta keɓe wa elk a 1912. Yara 'yan Sikawut na garin sukan taimaka wajen tattara ƙahonin da suka zuba a makiyayar, kuma tun 1968 ake yin gwanjonsu a dandalin gari cikin watan Mayu. Kaso mafi yawa na kuɗin yana komawa ga kula da dabbobin. A kusurwoyi huɗu na dandalin nan ma akwai ƙofofi masu lanƙwasa kamar baka, waɗanda aka gina da ƙaho.

To, amma tsintar ƙaho a dawa ba sauƙi gare ta ba, domin kamarsa ɗaya da busasshen reshe. Mutum yakan wuce shi da taki uku bai gani ba. Saboda haka ne mutanen can suke horar da kare, ya nema musu da hanci. Ni a ganina wannan sana'a ce mai kyau, ta cancanci yabo, amma fa in an kai horon ƙarshe. Karen da aka koya masa rabin aiki, gara wanda ba a koya masa kome ba.

Rabin farko shi ne mai daɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka da kwikwiyo ake farawa, kuma sun fi son irin karnukan da halinsu ne ɗauko abu su kawo, kamar wanda ake kira Labarado. Ba a fara ba shi ƙaho na gaske, domin in tsinin ya soke shi a baki ko a ido, to, ya tsani ƙaho ke nan. Sai a samo na roba mai laushi, a jefa masa cikin tsakar gida, ya ɗauko, a shafa kansa, a ba shi ɗan abin taɓawa. Sau uku ko huɗu ya isa. A ɗauke abin tun yana marmarinsa, kada a bari ya gundura. Ba a kuma barinsa ya kwanta yana gaigayarsa, domin wanda ya saba da gaigaya, ran da ya tsinci na gaske a dawa sai ya nemi inuwa ya zauna da shi.

Daga nan sai a zaɓi kalma guda, a riƙa faɗa masa ita duk sa'ad da za a sa shi nema, kada a sake ta. A kawo ƙaho na gaske da aka dasashe tsininsa, a ajiye a fili inda zai gani. Gobe a sa shi cikin gajeriyar ciyawa, jibi cikin doguwa, har a kai inda ido ba shi da amfani, sai hanci. A nan masu wayo sukan wanke ƙahon, su sa safar hannu kafin su taɓa shi, sa'an nan su wurga shi nesa da sawunsu. In ba haka ba, kare ba ƙaho yake nema ba, warin ubangidansa yake bi, ran da aka je dawa kuwa sai ya yi ta zagaye ba abin da zai samo. Kuma akan bi da shi ta inda iska za ta kaɗo masa warin.

Duk wannan yaro mai haƙuri ma ya iya. Rabi na biyu shi ne mai wuya, shi ne kuma wanda ragwaye ke tsallakewa: a koya wa kare ya ga barewa da ranta, ya kau da kai.

Ku duba halin da dabbobin nan suke ciki lokacin da ƙaho ke zuba. Wata da watanni dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, kitsen da suka tara ya kusa ƙarewa, matan kuwa suna da ciki. Kowane gudu da suka yi, daga ɗan sauran ƙarfinsu ake cirewa. Karen da ya fafari barewa mil guda cikin dusar ƙanƙara, ko bai cije ta ba yana iya zama ajalinta, sai dai ubangidansa ba zai gani ba, domin ba nan take za ta faɗi ba. Ya koma gida da ƙaho biyu yana murna, ya bar gawa a bayansa. Ina amfanin tsintuwar da ta kashe mai zubarwa? Namijin da ya rayu, baɗi zai sake zubar da wani ƙahon.

Saboda irin wannan matsi da mutane ke yi wa dabbobi ne aka kafa doka a Wayomin a 2009, aka hana tsintar ƙaho a filayen gwamnati na yammacin jihar daga Janairu har ƙarshen Afrilu. Waɗansu suna gunaguni, suna cewa kafin Mayu wani ya riga su, ko ɓeraye sun ɓata ƙahon. Ni ban ga abin gunaguni ba. Ƙashi ne, ba nama ba, ba ya ruɓewa don ya kwana wata biyu a ƙasa.

Akwai kuma masu cewa a bar ƙahon inda ya faɗi ɗungum, domin ɓera da kurege da beguwa suna gaigayarsa, suna samun abin da ke ƙarfafa ƙashinsu. Maganarsu da gaskiya a ciki. Amma dawa tana da faɗi, babu karen da zai tsince ta duka. Abin da ya kamata shi ne, in kare ya kawo tsohon ƙaho wanda ya yi fari, haƙora sun riga sun ci gefensa, a yaba masa, sa'an nan a mai da shi inda yake.

Yaya ake koyar da rabin nan na biyu? Da doguwar igiya. Tun kare bai san ƙaho ba ake koya masa ya zo in an kira shi, ya tsaya in an ce tsaya. Sa'an nan a kai shi inda zai hangi barewa daga nesa, igiya tana wuyansa. In ya zabura a tsai da shi, a kira shi. In ya juyo ya dubi ubangidansa, a yi masa kyautar da ta fi ta ɗauko ƙaho. Haka za a yi ta yi, yau da gobe, ko da zai ci watanni. Ba duka a ciki, domin karen da ake duka tsoro yake koya, in ya yi nisa da sanda kuwa sai ya yi abin da ya ga dama.

Ran da aka wuce garke, kare ya ɗaga kai ya dube su, ya mai da hancinsa ƙasa ya ci gaba da nema, ran nan ne za a kwance igiyar. In kuwa ya ɗaga kunne ya yi taki biyu wajensu, sai a mai da ita wuyansa, a dakata sai wani mako.