Dodon Momo Da Hattarar Ƙungiyoyin Agaji

A ƙarshen watan Fabrairu na shekarar 2019, hankalin iyaye ya tashi ƙwarai a ƙasar Ingila. Jaridu da gidajen talabijin suka yi ta baza labarin wani dodo wai shi Momo, mai fuskar mace da ƙwala-ƙwalan idanu, wanda aka ce yana ɓullowa a wayoyin yara ta WhatsApp da YouTube, yana umurtarsu su ji wa kansu ciwo, har ma su kashe kansu. Makarantu suka aika wa iyaye takardun gargaɗi, 'yan sanda su ma suka ja kunne.

A irin wannan hali, ƙungiyar da ke aikin kare yara takan shiga tsaka mai wuya. In ta yi shiru, a ce ta yi sakaci da amanar da ke wuyanta. In kuwa ta bi sahun masu kururuwa, sunanta zai cika jaridu, watakila gudummawa ma ta ƙaru, amma fa ta ƙara rura wutar ke nan.

Ƙungiyar NSPCC, wadda asalinta ya faro tun 1884 domin hana zaluntar yara, da ƙungiyar Samaritans, wadda tun 1953 take sauraren waɗanda baƙin ciki ya yi wa katutu, sai suka fito fili suka ce ba su ga wata tabbatacciyar shaida ba cewa Momo ya cuci wani yaro. NSPCC ta bayyana cewa 'yan jaridar da suka buga mata waya kan batun sun fi iyayen yawa. Samaritans kuma ta yi kashedi cewa yawan kururuta zancen mutum ya kashe kansa haɗari ne ga masu raunin zuciya.

Ashe hoton na wani mutum-mutumi ne da wani mai sassaƙa ɗan Japan, Keisuke Aiso, ya ƙera, aka nuna shi a birnin Tokyo a 2016. Yara da dama kuwa a cikin gargaɗin manya suka fara ganinsa. Watau dai manya ne suka kai wa yara dodon har gida.

Wannan ba ya nufin babu haɗari a wayar hannu. A 2017 wata yarinya 'yar shekara 14 ta rasa ranta a birnin Landan, kuma a 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar cewa munanan abubuwan da ta riƙa gani a dandalin sada zumunta suna cikin sanadin rasuwarta. A nan NSPCC ba ta yi sanyi ba. Ta tsaya tsayin daka tana matsa wa gwamnati lamba, har aka kafa dokar tsaron intanet a 2023. Da ta ɓatar da mutuncinta wajen bin jita-jita, wa zai saurare ta ranar da ta zo da gaskiya?

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin agaji, ko'ina suke, su riƙa bincike kafin su yi magana, kada a bar jaki ana dukan taiki. Su kuma iyaye, maimakon watsa kowane gargaɗi da ya shigo waya, gara su zauna da 'ya'yansu su ji abin da suke kallo, su kuma tabbatar musu cewa duk wanda ya ga abin tsoro ya faɗa, ba za a ƙwace masa waya ba. Yaron da ke tsoron hukunci ɓoyewa yake yi.